Gyaran kan injin Fijo 504 a gida

Injin da za mu gyara na Fijo 504 ne, motar da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Silinda huɗu ne, cc 1971, a kishingiɗe yake gefe guda. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kan kuma alminiyon ne. Alminiyon ba ya jure zafi kamar ƙarfe, shi ya sa in mota ta tafasa sau ɗaya ko biyu, kan yakan ɗan lanƙwashe, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da gangar, ya ƙone. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: farin hayaƙi a salansa, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, baƙin mai ya koma ruwan madara.

A bar inji ya huce sarai, ya kwana ma ya fi. A cire kan batir, a zubar da ruwa, a sauke kafireta da bututun salansa da murfin sama. Sandunan da ke tura bawul guda takwas ne. Ku huda kwali ku jera su yadda kuka zaro su, don kowacce ta saba da mazauninta.

To, a nan ne nake so ku natsu. Silindar wannan inji ba a jikin gangar aka fafe ta ba. Silif ne guda huɗu da aka zura, ruwa yana zagaye su, a gindin kowanne akwai abin da ke tare ruwan kada ya gangara cikin mai. Abin da ke danne su shi ne kan injin da kansa. Idan kuka kwance kusoshi goma kuka fizgi kan sama, silif zai iya mannewa da gasket ya ɗago, ko da kaurin gashi ne. Shi ke nan, ruwa ya sami hanya, aikin yini ɗaya ya zama na sauke inji gaba ɗaya. Don haka ku kwance kusoshin kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, ku bar ɗaya a kusurwa da sassauci, ku gurgusa kan gefe har ya rabu da gasket, sannan ku ɗaga. Da zarar ya sauka, ku danne silif ɗin da faffaɗan wasa, wato zoben ƙarfe da ake sa wa kusa, da gajerun kusoshi. Kafin a yi haka, kada kowa ya juya inji. Yaran gida ma a gaya musu, don hannu ba ya rasa kaiwa ga fanka.

Ku kankare fuskar kan a hankali, ban da tsinin sukudireba. Ku ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance, da kuma a karkace, ku gwada zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. In ya shige, wannan ba aikin gida ba ne, sai wurin masu injin gogewa, irin na Panteka. Ku ce su ɗebe kaɗan iya buƙata.

Bawul kuwa, kifa kan, mayar da filogi, zuba kananzir a kowane rami. Wanda ya yi yoyo shi ke son niƙa. Shafa man niƙa a bakinsa, manna masa sandar niƙa, murza ta tsakanin tafukan hannu, ɗaga, juya kaɗan, sake murzawa, har sai zobe mai ruwan toka ya fito ba yankewa. A wanke tas, domin ragowar man nan yashi ne.

Sabon gasket kawai, tsoho ba ya komawa. A tsane ramukan kusoshi daga mai da ruwa. Ɗauri daga tsakiya zuwa waje, hawa-hawa, da sifanar awo bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Masu cewa hannunsu ya san awo, ni dai ban yarda ba a kan alminiyon.

Tazarar bawul ana saita ta inji na sanyi: milimita 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi. Sabon baƙin mai, sabon ruwa, a tayar a zuba wa allurar zafi ido. Bayan motar ta ɗan yi tafiya, a bar ta ta huce, a sake bin kusoshin da sifana, a sake auna bawul, don gasket yakan kwanta.