Mutum-mutumi da Hannun da Ya Shanye: Aikin Krebs da Hogan

An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar a Katsina ga ɗaliban gashin ƙashi da na injiniyanci.

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Da an ce mutum-mutumi sai hankali ya tafi kan ƙarfe mai kai da ƙafafu. Na yau ba shi da ko ɗaya. Hannu ne na ƙarfe a kan tebur, sunansa MIT-Manus. Neville Hogan da Hermano Igo Krebs, ɗan asalin Burazil, su suka jagoranci aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka tun daga 1989, aka fara gwada shi a kan masu shanyewar ɓarin jiki a asibitin Burke da ke jihar Niyok a 1994.

Ga yadda ake yi. Majinyaci zai zauna, a ɗaure masa ƙirji da kujera, a ɗora damtsensa a kan mariƙi. A allon kwamfuta akwai ɗigo takwas kewaye da tsakiya, kamar fuskar agogo. Wanda ya haska, nan zai tura hannu, ya dawo. In ya motsa da kansa, na'urar ba ruwanta. In ya kasa, ta kai shi a hankali.

Injiniyoyi, nan ne naku. Injin masana'anta ba ya jin bari, inda aka ce ya je nan zai je ko da ƙashi zai karye. Hogan kuwa tun 1985 ya fito da dabarar sarrafa taurin na'ura, ta riƙa yin laushi kamar sifirin: ka ture ta ta ba ka hanya, ta kuma ci gaba da janka zuwa layi. Ba don wannan ba, da ba wanda zai yarda ya haɗa inji da kafaɗar da ta saki.

To, tana warkarwa? Wani bincike na 2009 ya ƙirga cewa a zaman gashi na yau da kullum, hannun majinyaci kan yi motsin aiki kusan 32 kacal. Na'urar tana sa shi ya yi 1,024 cikin awa guda. Ƙwaƙwalwa kuwa da maimaici take sake shimfiɗa hanyoyinta.

Amma ku ji sakamako. A 2010 an fitar da sakamakon gwada ta a kan tsofaffin sojojin Amurka 127, zama 36 cikin mako 12. Da aka sake auna su a mako na 36, an ga ta ɗan fi kulawar da aka saba, sai dai ba ta fi mai gashin da aka sa ya yi aiki mai yawa irin nata ba. A 2019 gwajin RATULS na Birtaniya, mai mutum 770, bai ga ta fi kulawar da aka saba wajen dawo da aikin hannu ba. A ganina tasirin Krebs ba ya cikin cewa ƙarfe ya kayar da mutum, don bai kayar ba. Ya tilasta wa fannin ne ya riƙa auna motsi da lissafi, kamar yadda ake auna magani.

Inda ake samun matsala: majinyaci, musamman in ya gaji, yakan sakar wa na'urar hannu ta yi ta yawo da shi. Wannan ba gashi ba ne, lilo ne. Shi ya sa ake rage taimakon da zarar ya fara iyawa. In kuma ɗaurin ƙirji ya yi sako-sako, da gangar jiki zai riƙa kai hannun, allo ya nuna ci gaba alhali gwiwar hannu ba ta miƙe ba. Babbar matsalar ita ce samfurin farko kafaɗa da gwiwar hannu kawai yake horarwa. Mutum zai iya kaiwa ga buta amma yatsu su ƙi kama ta, alwala ta gagara.

Wani ya turo takarda yana tambaya ko za a iya yi a nan Katsina ba tare da na'urar ba. Rabin aikin dai ana iyawa. A sami tebur mai santsi, a zana ɗigo takwas a kwali, a sa tawul ƙarƙashin hannun don ya zame, ɗan gida ya riƙe kafaɗar yana ƙirgawa a littafi. Mai gashi ne zai yanke adadin farawa, a riƙa ƙarawa mako-mako. In kafaɗa ta fara ciwo a dakata, kuma kada a taɓa jan hannun daga yatsu.