Lacca: Abokan saiwa a lokacin fari

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da manoman da ke cikinmu, barkanku da zuwa.

Idan ruwa ya ɗauke, kowa sama yake kallo. Ni kuwa yau ƙasa nake so mu duba, domin akwai wata halitta a can da ke taya shuka jure ƙishi. Wata irin fumfuna ce mai siraran zaruruwa, tana shiga cikin saiwa ta zauna, sannan ta miƙa zarenta cikin ƙasa. Masana na kiran wannan zama maikoraiza, sunan da Bajamushe Albert Frank ya raɗa masa a 1885. Kusan kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirran doron ƙasa suna irin wannan zama: masara, dawa, gero, alkama, wake, rogo, albasa. Kabeji da danginsa ba sa yi. Abin kuma ya daɗe, don an ga alamarsa a duwatsun Rhynie na Sikotilan, masu shekara sama da miliyan 400.

Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Shuka tana biya da sukari da mai, wani lokaci har kashi 20 cikin 100 na abincin da ganyenta ya haɗa. Fumfunar ba ta iya rayuwa sai da wannan. Ita kuma me take kawowa?

A nan nake so ku ba ni hankalinku. Mutane suna zaton ruwa kawai take jawowa. Tana jawowa, gaskiya ne, don zarenta ya fi gashin saiwa siranta, yana kutsawa cikin ƴan ramukan ƙasa inda sauran danshi ya maƙale. Amma a ganina babban aikinta shi ne kawo fosfaras, ɗaya daga cikin sinadaran da shuka ke ci daga ƙasa. Wannan sinadari ba ya tafiya da sauri a cikin ƙasa. Saiwa takan tsotse wanda ke kewaye da ita, milimita ɗaya ko biyu, sai ta tsaya jira. Idan ƙasa ta bushe, tafiyarsa sai ta ƙara ja baya. Ashe shukar da fari ya kama, yunwa ma tana damunta, ba ƙishi kaɗai ba. Zaren fumfuna kuwa yana tsallake wannan wuri da aka tsotse, ya yi santimita da dama, ya ɗebo ya kawo. Shukar da ta ƙoshi tana zurfafa saiwa, kuma an sha ganin ƴan ƙofofin ganyenta suna daɗewa a buɗe, tana ci gaba da haɗa abinci bayan maƙwabciyarta ta rufe nata.

Sai aiki na uku. Zaruruwan suna ɗaure ƙwayoyin ƙasa su zama dunƙule-dunƙule, ruwan sama ya shiga ya zauna maimakon ya kwarara ya wuce. A 1996 Sara Wright, ta ma'aikatar gona ta Amurka, ta bayyana wani abu mai danƙo da ta kira gulomalin, wanda ake alaƙantawa da wannan ɗauri.

Bari in ɗan ratse. Idan saiwa ta rasa fosfaras, takan fitar da wani sinadari don kiran fumfuna. Masana a Japan suka tabbatar da haka a 2005. To, irin wannan sinadarin ne ke tayar da irin wuta-wuta daga barci. Shi ya sa gonar da ta gaji ta fi cika da wannan annoba.

Abin da ke damuna shi ne da hannunmu muke korar wannan aboki. Huɗa mai zurfi kowace shekara tana tsintsinka zaren. Takin fosfaras idan ya yi yawa, shuka sai ta rage karɓar baƙon, ranar da fari ya zo kuma ba ta da mataimaki. Barin gona tsirara na dogon lokaci yana kashe fumfunar da yunwa. Manoman Ostareliya sun gani: bayan dogon hutu ba tsiro ko ɗaya, amfanin da aka shuka sai ya tsumbure.

Wani zai ce, to a sayo ta a leda a zuba mana. Ana sayarwa, amma gwaje-gwaje sun nuna da yawa daga cikin kayan ba su da ƙwaya mai rai, kuma wadda ta zo daga nesa ba lallai ta iya gogayya da ƴar gida ba. Ni na fi son a rage huɗa, a bar karare su rufe ƙasa, a riƙa haɗa hatsi da wake, a sa taki daidai bukata. Wanda zai shuka kabeji kuma, kada ya maimaita shi a wuri ɗaya shekara da shekaru.