Shekara 40 Cikin Minti 25: Kashin Star Trek da Ke Sa Masoya Zubar da Hawaye

Jama'a, assalamu alaikum. Yau za mu tattauna kashi na 25 a zango na biyar na shirin talabijin na balaguron sararin samaniya Star Trek: The Next Generation, mai suna "The Inner Light", wanda aka fara haskawa a Amurka a watan Yunin 1992. Wanda bai kalla ba ya sani, zan faɗi ƙarshen labarin.

Jirgin Enterprise ya ci karo da wata tsohuwar na'ura tana shawagi a sararin samaniya. Ta harbo wani haske, Kyaftin Picard ya yanke jiki ya faɗi. Da ya buɗe ido sai ga shi a ƙauyen Ressik, a duniyar Kataan, wata mata mai suna Eline na ce masa ita ce matarsa, kuma sunansa Kamin. Ya shafe shekaru yana musu, yana duban taurari ko zai gano hanyar komawa. A hankali ya saduda. Ya koyi busa sarewa, Eline ta haifa masa 'ya'ya biyu, har ya ga jika. Saurayin da ya fito a matsayin ɗansa kuwa, Daniel, ɗan cikin Patrick Stewart ne, jarumin da ke fitowa a matsayin Picard.

Duk wannan zaman, fari na cin ƙasar. Kamin ya yi bincike ya gano ranarsu ce ke ƙara zafi, za ta ƙone komai. Ya kai wa hukuma magana, ashe sun daɗe da sani, kuma ba su da ƙarfin kwashe mutane. Abin da suka iya shi ne harba wannan na'ura, wadda ta dasa wa Picard rayuwar Kamin a ƙwaƙwalwa. Kataan ta hallaka tun shekara 1,000 da suka wuce, kuma zaman da Picard ya yi na kusan shekara 40, minti 25 ne kacal a jirginsa.

Abin da ya kama ni shi ne zaɓin mutanen nan. Suna iya aiko da tarin littattafan tarihinsu. Sai suka nemi mutum ɗaya ya zauna cikinsu, ya ci tuwonsu, ya yi jimamin mamatansu, ya san su kamar jininsa. Babu mugu a labarin, babu yaƙi, amma ya lashe kyautar Hugo, ta ƙagaggun labaran kimiyya, a 1993. Sarewar da aka yi wasan da ita ma, dala 48,000 aka saye ta a gwanjon kamfanin Christie's a 2006.

Sai dai ina da ƙorafi. Mutum ya rasa mata da 'ya'ya da jika a rana ɗaya, amma a kashi na gaba ya koma kujerarsa kamar babu abin da ya faru. Haka tsarin shirye-shiryen wancan zamani yake, kowane mako da labarinsa. Sai a zango na shida, a kashin "Lessons", muka ji yana ba Nella Daren, wata jami'ar jirgin da ya so, labarin Kataan. A ganina wannan rauni ya cancanci zango guda, ba 'yan mintuna ba.