Ganyen da ya san iskar da aka shaƙa shekara miliyan 200 baya

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau na fito da sassafe, sanyi kam ba a magana, hannuna har ya ƙage a kan wayar nan, amma dole in nuna muku abin nan kafin iska ta gama kakkaɓe shi. Ina lambun tsirrai na Glasnevin a nan Dablin, ƙasar Ayalan, kyauta ake shiga ba ko sisi. Ku dubi bishiyar da ke bayana, kun ga yadda ta koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya? Sunanta ginkgo. Bari in ɗauko ganye ɗaya a ƙasa in matso muku da shi. Kun gani ko, sak mafici, irin wanda iyayenmu mata ke fifita wuta da shi.

Dangin bishiyar nan sun fi shekara miliyan 200 a duniya, duk sun ƙare sai ita kaɗai ta rage, asalinta daga Sin. To akwai wata farfesa a jami'ar Trinity da ke tsakiyar garin nan, Jennifer McElwain, ita aikinta kenan, ganyen da ya zama burbushi a cikin dutse take ɗauka ta gano yadda iskar duniya take a lokacin da ganyen yana da rai. Ranar da na fara jin haka wallahi na kasa barin maganar, sai da na kwana biyu ina bin laccocinta a intanet bayan na taso daga aiki.

Ga yadda abin yake. Kowane ganye yana da wasu 'yan ƙananan bakuna, yawanci a bayansa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ta nan yake shaƙar iskar kabon da yake haɗa abincinsa da ita, amma kuma ta nan ɗin dai ruwan jikinsa ke fita. Kamar tagar ɗaki ce lokacin hunturu, ka buɗe don ka sha iska ƙura ta shigo, to shi ganye in ya buɗe ruwa yake asara. Saboda haka in kabon ya yi yawa a iska, bishiya ba ta buƙatar bakuna da yawa, sai sabon ganyenta ya fito da kaɗan, in kuma kabon ya yi ƙaranci sai ta ƙara su. Wani masani ɗan Ingila, Ian Woodward, shi ya nuna wannan a 1987, ya je ya duba busassun ganyayen da aka adana tun wajen shekara 200 ya gwada su da na zamaninsa, ya tarar bakunan sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, daidai lokacin da hayaƙin masana'antu ke ƙaruwa.

Ni ma fa na gwada a gida. Jan farce mara kala na shafa a bayan ganye, na bari ya bushe, na manna salatif na ɗago shi a hankali na sa a ƙaramin madubin da na saya wa yara. Jama'a sai ga su nan reras, kamar ƙwayoyin wake an tsaga su tsakiya. Na daɗe ina kallo ina cewa Allah mai iko, ashe duk bishiyar da muka zauna a inuwarta tun muna yara haka take numfashi ba mu sani ba. 'Yata ta ƙirga goma sha wani abu ta gaji.

To ita farfesar nan abin da ta yi shi ne ta kai wannan dabarar can baya mai nisa. Ganye yana da wata fata mai kama da kakin zuma a samansa, ita ba ta ruɓewa da wuri, in laka ta binne ta sai ta zauna miliyoyin shekaru da zanen bakunan nan a jikinta. Ana ɓanɓaro ta daga dutse a wanke da asid a ƙirga, sai a gwada da ginkgo mai rai irin wannan da nake riƙe da shi. Ƙanƙarar da aka haƙo a Antatika ta ba da labarin iska a jere na wajen shekara 800,000, amma in za a koma can baya mai nisa dole a nemi wasu shaidun, ganye na cikinsu.

Inda abin ya fi kama ni shi ne Girinlan. Yau in an ce Girinlan ƙanƙara za ku tuna, amma a gabashinta, yankin da ake kira Jameson Land, akwai duwatsu cike da ganyen wani daji mai ɗumi da fadama, da dangin ginkgo da wasu itatuwa masu kama da kaba. Wani Bature, Tom Harris, ya kwaso su tun wajen 1926. Duwatsun nan hawa-hawa suke kamar shafukan littafi, kuma sun ratsa daidai lokacin ɗaya daga cikin manyan ƙarewar halittu guda biyar da aka yi a tarihin duniya, wadda ta faru kimanin shekara miliyan 201 da suka wuce. A 1999 ita da abokan aikinta biyu, David Beerling da shi Woodward ɗin, suka fitar da sakamako cewa kabon ya ninka kusan sau huɗu a lokacin, zafin duniya ya ƙaru da digiri 3 zuwa 4. Daga baya a 2002, tana aiki a gidan tarihi na Field da ke Chicago, ta tafi can da kanta da tawaga suka kwaso dubban samfuri, hawa bayan hawa.

Na san wani zai rubuto min ya ce malam ya aka yi aka san miliyan 201? Tambaya ce mai kyau. A cikin toka da dutsen aman wuta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da wani sinadari da ake kira yuraniyom, shi kuma yana rikiɗewa ya koma darma a kan wani ma'auni da ba ya canzawa, da shi ake lissafi. Aman wutar kuwa shi ne musabbabin abin gaba ɗaya, lokacin nahiyoyi a haɗe suke wuri guda, sai ƙasa ta fara tsagewa inda tekun Atlantika yake yanzu, narkakken dutse ya yi ta malala yana fitar da kabon. Ragowarsa na nan a Maroko da Brazil da gabashin Amurka, har da Gini da Mali nan kusa da mu.

Me ya samu dajin? Fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'in tsirran wurin sun ɓace wasu suka maye gurbinsu. Masu faffaɗan ganye sun sha wuya saboda babban ganye yana ɗaukar zafi, masu tsagaggen ganye da sirara suka fi tsira. Gawayi ma ya ƙaru sosai a hawan nan, wato gobarar daji ta yawaita. Kuma abin da ya tsaya min a rai, ba dare ɗaya dajin ya mutu ba. Tun kafin a kai ga hawan da komai ya rushe, ƙidayar ta nuna wasu itatuwa sun fara yin ƙaranci, 'yan kaɗan suna mamaye wuri, wanda yake tsaye a ciki zai ga kore ko'ina ya ce ai lafiya lau. Kuma waɗanda suka fi kowa yawa a da ba su tsira don yawansu ba, wasu da ba a cika gani ba su ne suka gaje wurin.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba da na duba lissafinmu na yanzu. Kafin zamanin masana'antu kabon yana wajen kashi 280 cikin miliyan na iska, da aka fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958 yana wajen 315, yanzu ya haura 420. Ba mu kai na wancan zamanin ba, nesa ma, amma nasu ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa, namu kuwa daga zamanin kakannin kakanninmu ne zuwa yau. Ganyen nan da ke hannuna ya riga ya rubuta iskar bana a bayansa.

Zan tafi da guda uku in matse su cikin littafi. Akwai wani abokina da zai dawo daga gida wata mai zuwa, na roƙe shi ya taho min da busasshen ganyen darbejiya da na kuka, ina so mu shafa musu jan farcen nan mu gani tare a bidiyo na gaba. Yayyafi ya fara, bari in shiga ɗakin gilashin can in ɗan ji ɗumi in nuna muku itatuwan da suka yi kama da na dajin Girinlan ɗin.