Sun samu gurbi a jami'a, saura su samu darasi

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban wannan zama, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana kan yadda makaranta za ta zama ta kowa da kowa. Fagen yana da faɗi, akwai batun ƙabila, akwai na addini, akwai na talauci. Zan tsaya a kan ɓangare ɗaya, wato abokan karatunmu makafi da kurame da guragu da zabiyoyi. Daga kujerar ɗalibi zan yi maganar, domin rabin abin da ke korar su daga karatu a hannunmu yake, mu da muke zama aji ɗaya da su.

Doka dai akwai ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa nakasassu bambanci. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar a gyara su, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Hukuma ko kamfanin da ya nuna bambanci tararsa naira miliyan ɗaya ce. JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. To ƙofa ta ɗan buɗe. Wahalar tana farawa ne ranar Litinin ɗin farko ta zangon karatu.

Mu fara da wakilin aji, don shi ne mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan lamari, yawanci kuma bai san da haka ba. Malami ya canza ɗakin lacca, ya rubuta a takarda ya manna a allon sanarwa. Wakilin aji ya ɗauki hoton takardar ya tura guruf ɗin WhatsApp. A ganinsa ya sauke nauyi. Amma ɗalibi makaho da kunne yake amfani da wayarsa: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, su ke karanta masa abin da ke kan fuskar wayar. Rubutu suke karantawa kai tsaye. Hoton takarda, balle wadda aka rubuta da hannu, sau da yawa ba ya karantuwa. Wani wakilin kuma saƙon murya yake turawa, shi ke nan an bar kurma a baya. Maganin ba ya cin ko kwabo: duk sanarwa a buga ta da rubutu, da rana da lokaci da sunan ɗaki. In an tura hoto ko murya, a bi shi da rubutun. Idan kuma sabon ɗakin a saman bene yake, wakilin aji ya tuna wa malami nan take cewa akwai mai keken guragu a ajin, tun kafin a taru.

Sai takardun darasi. Nan ne aka fi cutar makafi ba da gangan ba. An saba a kai littafi shagon kwafi, a yi masa sikanin, a mai da shi PDF a raba. Irin wannan fayil tarin hotuna ne kawai. Manhajojin da ke karanta wa makaho rubutu a kwamfuta, wato NVDA wadda kyauta ce, ko JAWS da ake saya da tsada, ba su samun haruffa a cikinsa. Ga gwaji mai sauƙi: buɗe fayil ɗin, ka gwada zaɓar kalma ɗaya ka kwafe ta. In ta kwafu, makaho zai iya sauraronsa. In ba ta kwafu ba, a roƙi malami ainihin fayil ɗin Word da ya buga. In babu, a bi da shi ta manhajar da ke mai da hoto rubutu, sannan mutum ya zauna ya gyara, domin tana yawan ɓata lambobi da jadawali da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa, amma aji mai mutum sittin in aka raba shafi biyar-biyar an gama littafi mai shafi ɗari uku a mako guda. Kada a dogara da Braille kaɗai, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsa. Shafi ɗaya na bugu yakan ci shafi biyu zuwa uku, takardarsa mai kauri ce mai tsada, kuma wanda ya makance da girmansa sau da yawa bai koye shi ba. Ita kuwa zabiya, a bar mata kujerar gaba nesa da hasken taga, a buga mata takarda da manyan haruffa.

Kurame kuma mu daina ɗauka cewa karatun leɓe ya wadatar. Malami yana juya baya yana rubutu a allo yana magana, an yanke musu darasi ke nan. In an kashe fitila don majigi, a bar haske a kan tafintan yaren hannu, don hannunsa da fuskarsa ake kallo. Tafinta ɗaya ba zai iya laccar awa biyu ba tare da ya fara zubar da magana ba, shi ya sa masu aikin suke karɓar juna bayan kowane minti ashirin zuwa talatin. Akwai wani abu kuma da ake mantawa. Yaren hannu da ake koyarwa a makarantunmu ya samo asali ne daga na Amurka, ta hanyar Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa daban take. A tambayi ɗalibin wanne ya fi iyawa kafin a nemo tafinta. Sannan wanda idonsa ke kan tafinta ba zai iya rubutu ba a lokaci guda, don haka mutum biyu ko uku su ɗauki nauyin ba shi abin da suka rubuta a ranar, ba sai jarrabawa ta matso ba.

Yanzu gangaren keke, wato hanyar da keken guragu ke bi maimakon matakala, wanda ƙungiyoyin ɗalibai suke son yi a matsayin aikin bankwana. Niyya mai kyau, amma ana yawan lalata shi. Ƙa'idar ita ce ɗaya bisa sha biyu: kowane santimita ɗaya na tsawo yana buƙatar santimita 12 na shimfiɗa. Matakala ɗaya mai santimita 15 tana son gangare mai mita 1.8. Matakala uku, mita 5.4. Birkila in ba a tsaya a kansa ba, mita ɗaya da rabi zai zuba ya ce ya gama, a samu tudun da keke zai kife da mutum ta baya. Faɗin gangaren ya kai mita 1.2, a sa ƙarfen riƙewa hagu da dama, a bar fili shimfiɗaɗɗe a sama yadda mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa keken bai gangaro da shi ba. Kada a sa tayil mai santsi, a karce simintin tun yana ɗanye saboda damina. Ku duba kuma inda gangaren ya sauka. In buɗaɗɗen lambatu ne a gabansa, ko masu babur sun mai da bakinsa wurin ajiya, kuɗin ya tafi a banza. Ƙofa ta kai santimita 90, banɗaki kuma ya samu filin mita ɗaya da rabi na juya keke. Wannan na banɗakin ina roƙon a ɗauke shi da muhimmanci, akwai waɗanda ke ƙin shan ruwa tun safe har yamma saboda shi.

Jarrabawa ba a shirya ta a ranar. Tun makon da aka yi rajistar kwasa-kwasai a rubuta wa jami'in jarrabawa na sashe takarda, a faɗi abin da ake buƙata: ƙarin lokaci, ɗaki daban, ko wanda zai rubuta wa ɗalibi. Mai rubutun in daga wani fanni aka ɗauko shi zai ɓata kalmomin fannin, in ɗan aji ɗaya ne a yi zargin satar amsa. Ɗan sashen wanda yake ajin ƙasa ya fi dacewa. In ta kwamfuta za a yi, a sa NVDA a gwada ta da abin saƙalawa a kunne kwana biyu kafin ranar.

Duk wannan kada a yi shi da sunan sadaka. Al'adarmu ta san Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, amma ta fi sabawa da ganinsu a bakin masallaci, kuma wannan kallon muke shigowa da shi aji ba mu sani ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ladani ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a kan Madina idan zai yi tafiya. Shugabanci aka ba shi. Idan za a raba rukunin aikin gida, a ba ɗalibi makaho kasonsa ya yi, kada a rubuta sunansa kawai don tausayi. Idan za a kafa kwamitin walwala, a sa su a ciki. Idan za ka yi wa makaho jagora, ka yi sallama ka faɗi sunanka, ka tambaye shi ko yana so. In ya yarda, shi zai riƙe gwiwar hannunka, kana gabansa da rabin taku. Kada ka ja sandarsa. Ka faɗa masa matakala ce ta hawa ko ta sauka, in kun iso kujera ka ɗora hannunsa a kan majinginarta, shi zai zauna da kansa.

Shugaba ya yi mini alamar lokaci. Wakilan ajin da ke nan, don Allah ku tsaya bayan an tashi mu gwada fayilolin da ke wayoyinku ɗaya bayan ɗaya. Wassalamu alaikum.