NS-10, LS3/5A da Altec 604: kowace da irin akwatinta

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan baƙin akwati mai farar fuska. Duk wanda ya taɓa kallon hoton wani babban situdiyo na Landan ko Los Anjeles ya gan shi kwance a kan teburin haɗa sauti. Sunansa Yamaha NS-10M. Yau za mu ajiye shi gefe da gefe da wasu tsofaffin lasifikun situdiyo, sannan mu shiga shagon kafinta, domin yawancin waɗannan kaya idan suka iso hannunmu ta kasuwar gwanjo, akwatunansu sun riga sun sha jiki. Wani ya kumbura, wani ya tsage, wani ma wufa (mai fitar da sauti mai kauri) da tiwita (mai fitar da sauti mai kaifi) kawai za a miƙo maka a cikin leda.

Lasifikar situdiyo ba don jin daɗi aka yi ta ba. Ta falo aikinta ta ƙawata waƙa. Ta situdiyo kuwa aikinta tonon asiri: idan murya ta nutse a ƙarƙashin kiɗa, ta faɗa maka tun kafin mai sauraro ya faɗa.

Yamaha ta fitar da NS-10M a 1978, kuma Akira Nakamura ne ya tsara ta. Abin dariya, don gidaje aka yi ta, masu sauraron gida kuma ba su yi na'am da ita ba, suka ce sautinta ya cika kaifi. Injiniyoyin situdiyo ne suka ɗauke ta, musamman bayan an san shahararren injiniyan haɗa sauti Bob Clearmountain yana yawo da ita daga wannan situdiyo zuwa wancan. Kaifin ya dame su su ma, har aka riƙa lulluɓe tiwitar da takardar tishu. A 1987 kamfanin ya fito da NS-10M Studio, wadda aka rage wa kaifi, aka kuma yi ta don kwanciya a gicciye. A 2001 aka daina ƙera ta gaba ɗaya.

Ku matso ku ga farar wufar nan. Faɗinta santimita 18, kuma ga wani layi a jikinta kamar ɗinki. Shimfiɗaɗɗiyar takarda aka naɗe aka manne bakinta. Akwatin kuma rufaffe ne ruf, babu kafar iska ko ɗaya, cikinsa lita 10 da ɗoriya kaɗan. Daga nan halinta ya samo asali. Bes ɗinta, wato sautinta mai kauri, ba shi da zurfi, amma idan ganga ta buga, sautin yana tsayawa nan take, ba ya jan jela. Tana kuma ɗaga tsakiyar sauti, wajen hertz 1,500 zuwa 2,000 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti), inda muryar mutum take da kaifi. Shi ya sa ake cewa in waƙa ta yi daɗi a kan NS-10, za ta yi daɗi a ko'ina. Ni dai ban yarda da maganar nan baki ɗaya ba, don abin da ke ƙasa da hertz 60 ba za ka ji shi ba sam. Amma ga mai haɗa waƙar da za a saurara a wayar hannu da rediyon mota, kamar yawancin abin da ake fitarwa daga situdiyoyin Kano da Kaduna, tsakiyar nan ita ce kasuwa.

Kafin ita ma akwai Auratone 5C, ɗan ƙaramin akwati mai kusurwa huɗu da lasifika ɗaya tak a ciki. Aikinsa ke nan, ya nuna maka yadda waƙa za ta fita a ƙaramar rediyo.

Yanzu mu tsallaka Ingila. Wannan 'yar ƙaramar ita ce LS3/5A, kuma BBC ce ta tsara ta, BBC ɗin nan da muka tashi muna jin sashenta na Hausa. Sun buƙaci lasifikar da za ta shiga motar ɗauko shiri daga waje, inda wuri ya yi ƙunci, kuma muryar mai magana ta fito yadda take. A tsakiyar shekarun 1970 aka kammala ta, aka ba kamfanoni lasisin ƙera ta: Rogers, Chartwell, Spendor, Harbeth da wasu. Biyun ƙarshen nan tsofaffin injiniyoyin BBC ne suka kafa su, Spencer Hughes da Dudley Harwood, kuma kowanne ya haɗa sunansa da na matarsa ya raɗa wa kamfanin. Wufar da tiwitar duka na kamfanin KEF ne, B110 da T27. Tsayin akwatin bai fi santimita 31 ba, cikinsa kusan lita 5.

A nan nake so mu ɗan zauna, don akwatin LS3/5A ya saɓa wa duk abin da kafintan akwatin DJ ya sani. Shi a wurinsa, akwati mai kyau shi ne mai kauri da nauyi. BBC kuwa filawud na icen birch mai kaurin milimita 12 kawai ta yi amfani da shi. Siriri ne da gangan. Ga dalilin. Duk katakon da wufa ta girgiza, shi ma sai ya yi tasa ƙarar. Katako mai kauri da tauri yana amsawa ne a sama, kusa da inda murya take, inda kunne ya fi lura. Siririn katako yana amsawa a ƙasa, can inda kunne ba ya kamawa sosai. Sai suka manna faifan kwalta a jikinsa daga ciki, ya ƙara masa nauyi, ya kuma shanye girgizar. Idan ka ƙwanƙwasa gefen da ɗan yatsa, tuf za ka ji, kamar ka bugi buhun gero. Sandunan da ke riƙe kusurwoyi ma ba kowane katako ba ne, icen beech aka ƙayyade. Fuskar gaba kuma da sukuru aka ɗaure ta, ba a manne ta da gam ba. Har tiwitar an kewaye ta da tsumma mai kauri don kada sauti ya bugi gefen akwati ya dawo.

Saboda haka idan ka samu B110 da T27 ka sa su a akwatin MDF mai kauri, wato allon da ake yi da garin katako da gam, za ka iya samun lasifika mai kyau, amma ba LS3/5A ba ce. Kuma ka lura, tana da ci. Wat ɗaya yana ba ta desibel 83 ne na ƙarfin ƙara ko ƙasa da haka kaɗan, ga shi ba ta jure a ƙure ta. Ta ƙaramin ɗaki ce, ta aikin murya da hira da karatu.

Ga kuma giwar. Altec 604, daga Amurka, tun 1944. Wufa ce mai inci 15, aka dasa ƙahon tiwita a tsakiyar cibiyarta, don sauti mai kauri da mai kaifi su fito daga wuri guda. Tannoy ta Ingila ta bi irin wannan hanya da Dual Concentric ɗinta a 1947. Altec 604 tana ba da kusan desibel 100 da wat ɗaya. Wato ƙarar da za ta yi da wat ɗaya, 'yar BBC sai ta sha kusan wat 50 kafin ta kamo ta. A zamanin amfilifaya mai kwalba, lokacin da wat 20 abin alfahari ne, wannan babban abu ne. Kuɗin da za ka biya shi ne wuri. Akwatinta samfurin 620 ya haura lita 200, kuma mai kafar iska ne. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin UREI ya ɗauki wannan lasifika ya gina 813 a kanta, ita ce aka riƙa ginawa cikin bangon manyan situdiyoyi a wancan lokacin. Tsakanin giwar da ƙananan akwai JBL 4310 da ƙanwarta 4311, masu wufar inci 12 da kafar iska, waɗanda suka cika situdiyoyin Amurka a shekarun 1970. Bes ɗinsu yana da naushi, kiɗan rawa yana zama a kansu.

To, mu shiga shago.

Abu na farko ba katako ba ne, lissafi ne. Kowace wufa tana da alƙalumanta, waɗanda ake kira da sunan mutum biyu, Neville Thiele ɗan Ostareliya da ya wallafa aikinsa a 1961, da Richard Small da ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Uku ne suka fi damun mu. Fs, inda wufar ke rawa da kanta in tana waje. Vas, yawan iskar da taushinta ya yi daidai da taushin wufar. Sai Qts, wanda ke nuna yadda maganaɗisu ke riƙe ta kada ta yi ta lilo. A bisa al'ada, wufar da Qts ɗinta yake ƙasa da 0.4 ta fi son akwati mai kafar iska, wadda take sama da haka ta fi son rufaffe.

Iskar da ke cikin rufaffen akwati kamar sifirin take a bayan wufa. Ƙaramin akwati, sifirin mai tauri. A ce muna da wufa mai Fs 50, Vas lita 20, Qts 0.4. Idan muka sa ta a lita 10, rawarta za ta hau zuwa hertz 87, Q ɗin kuma, wato Qts ɗinta bayan ta shiga akwati, ya koma 0.69, dab da 0.7 ɗin da ake nema. Daidai ke nan.

Bari in ba ku labarin yadda na taɓa yin asarar wannan. Na zana akwati, na rubuta 35 da 19 da 15, na kai wa wani kafinta. Awon ciki nake nufi, wanda in ka ninka zai ba ka lita 10. Ban rubuta "ciki" ba. Bawan Allah ya ɗauka awon waje ne, ya yanka katako mai milimita 18, ya haɗa, ya goge, ya yi fenti, aiki tsaf. Na ce, "Maigida, wannan ai ya yi ƙanƙanta." Ya ɗauko tef ya gwada a gabana, ya ce, "Malam, ga takardarka, ga awo." Gaskiyarsa. Kowane gefe ya ci santimita 3.6, cikin ya koma lita 5 da rabi. Da irin waccan wufar, rawar ta hau hertz 108, Q ya kai 0.86. A kunne, bes na ƙasa ya tafi, sai wani kumburi a sama da shi da ke sa muryar namiji ta zama kamar yana magana cikin tulu. Tun daga ranar nake rubuta awon kowane falle daban, in kuma cire wurin da maganaɗisu da sanduna za su ci.

Idan tsohuwar lasifika kake yi wa sabon gida, kada ka yi mata gyaran fuska. Kwafi faɗin fuskar gaba daidai, da tazarar da ke tsakanin wufa da tiwita, domin kurosoba, wato allon da ke raba sauti tsakaninsu, da wannan faɗin aka auna shi. Ka ƙara faɗi, tsakiyar sauti ta canza. Idan kuma mai kafar iska ce irin JBL, faɗin bututun da tsawonsa su ma awo ne, ba ado ba. Bututu da akwati suna aiki ne kamar yadda kake hura bakin kwalba ta yi ƙara. Ka gajarta shi, ƙarar ta hau, ka tsawaita shi, ta sauka. A ƙasa da wannan ƙarar kuma wufa ba ta da abin riƙo, sai ta yi ta fal-fal a banza, kuma ta nan ake yaga tsofaffin wufofi.

Maganar katako. MDF yana da sauƙin yanka, ba shi da rami a ciki, amma maƙiyinsa danshi. Damina ɗaya a ɗakin da ke yoyo, bakinsa ya kumbura kamar burodi. In za ka yi da shi, ka shafe ciki da waje da fenti, musamman bakin yanka. Filawud ya fi jure wahala da riƙe sukuru, amma ka duba gefensa a 'yan katako kafin ka biya. In ka ga ramuka tsakanin fallayen, bar shi, don ramin nan zai yi zizar da za ka kwana kana nema. Katakon gungume kuwa, komai kyansa, hunturu zai busar da shi ya ja jiki, haɗin ya buɗe. Rufaffen akwatin da ya tsage ya tashi daga rufaffe.

Gam a kowane haɗi, a matse da kilam, sannan a bi kusurwoyin ciki da silikon, a bari ya bushe sarai kafin a saka wufa. Ramin da waya ke fita ma a toshe shi. A cikin rufaffe za ka iya cika audugar filo sako-sako. A mai kafar iska, bango kawai za ka lulluɓe, ka bar hanyar bututu a buɗe.

Kafin ka ɗaura, duba kayan kansu. Gefen wufar da aka yi da soso yana ruɓewa bayan shekaru, ka taɓa shi ya zube kamar tsohon takalmi. Na roba ko na ƙyalle ya fi daɗewa, sai dai ya taurare. Kafasitocin da ke kurosoba, irin masu ruwa a ciki, suna bushewa, ƙimarsu ta kauce. Canza su da masu lamba ɗaya. Sannan ka samo batirin tocila mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyin wufa na ɗan lokaci. Idan ta turo waje, wayar da ke kan ƙarshen batiri mai alamar tarawa ita ce jar waya, wato ta tarawa. Wufa kawai, kada ka gwada wa tiwita. Ka yi wa wufofin akwatunan duka biyu, domin in ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, bes ɗinsu zai cinye juna.

Gwaji na ƙarshe, ga shi ina yi. An ɗaure komai. Na sa yatsu a kewayen tsakiyar wufa, ba a kan hular tsakiya ba, na danna a hankali, na riƙe kaɗan, na saki. Kun ga yadda take dawowa sannu sannu? Akwatin ya riƙe iska. Wannan ɗayar kuwa, ku duba, na saki ta dawo fit. Tana yoyo ta wani wuri, kuma ina zargin ramin wayar nan na baya. Bari in kwance ta.