Amsoshin Tambayoyinku: Wai laburaren Kano na da ta cewa a dokar da ake yi a Jeneba?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Tun makon jiya da na taɓo maganar cewa ma'aikatan laburare za su iya sa baki a dokokin da ake ƙullawa can waje saƙonni suke ta shigowa, wasu da gori wasu da neman ƙarin bayani, to guda uku na ware yau.

Na farko daga wata Malama ce a Gwale, ta ce a laburaren wata kwaleji take aiki. Ga abin da ta rubuto: "Malam mu da ko wutar kirki ba mu da ita, sabon littafi sai mu shekara ba mu gani ba, mu ne za mu sa baki a dokar duniya? Wa ma ya san da zamanmu?"

To Malama, Allah ya saka da alheri, kuma wallahi ban ga laifinki ba, wanda yake fama da gara da yoyon rufi in aka ce masa Jeneba sai ya ga kamar tatsuniya ake masa. Amma bari in ba ki labarin abin da ya riga ya faru ki auna da kanki. Akwai hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallaka, WIPO, a Jeneba ta ƙasar Suwizalan take, kuma tana da kwamitin da yake zama a kan haƙƙin mallakar littattafai da waƙoƙi da makamantansu. A da, a ƙasashe da yawa, in laburare ya ɗauki littafi ya mai da shi rubutun makafi ko ya karanta shi a faifai ba da izinin mai shi ba to ya taka doka, kuma ko ƙasarku ta yarda ba ku da ikon tura wannan kwafin ga makahon wata ƙasa, kowa sai dai ya sake aikin daga farko. Shi ya sa littattafan da makaho zai iya karantawa ba su kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ba. Ƙungiyar makafi ta duniya ce ta tashi tsaye, ƙungiyoyin laburare suka mara mata baya, a 2009 Barazil da Ekwado da Faraguwai suka ɗauki daftarin yarjejeniyar da ƙungiyar makafin ta rubuta suka kai gaban kwamitin, aka yi ta ja-in-ja da manyan kamfanonin ɗab'i da ƙasashen da ke bayansu shekara huɗu cur, sai ranar 27 ga Yunin 2013 aka amince da yarjejeniyar a birnin Marakesh na Maroko, wadda ta ba da damar a yi wa makafi kwafin littafi a kuma tura shi tsakanin ƙasashe. Kuma kin san wani abu, wadda ta jagoranci tattaunawar a ɓangaren Najeriya 'yar ƙasar nan ce, Farfesa Ruth Okediji, wadda yanzu take koyarwa a jami'ar Harvard. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji daɗi har cikin raina.

Abin lura a nan Malama, ma'aikatan laburare ba su da ƙuri'a a wancan zauren, gwamnatoci ne suke da ita. Ƙungiyar laburare ta duniya, IFLA, wadda aka kafa tun 1927 take da hedikwata a Holan, 'yar sa ido ce kawai, ana ba ta dama ta yi magana ta koma ta zauna. To ina ƙarfinta yake? Wajen shan shayi da bayan fage, inda ake tare wakilin ƙasa a ce masa ga abin da ke faruwa a laburaren ƙasarka, ga takarda ka duba. Shi kuma wakilin nan yawanci lauya ne ko ɗan difilomasiyya, bai taɓa tsayawa bayan kanta ɗalibai sun yi masa layi a kan kwafi ɗaya tal ba, ke kika san wannan, ke ce da hujja a hannu.

Matakalar kuwa ba wata mai tsawo ba ce. Akwai ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, NLA, tun 1962 take kuma tana da rassa a jihohi, sama da ita akwai ta Afirka, AfLIA, da ke Akara a Gana tun 2013, sannan IFLA. A gefen gwamnati kuma hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ita ce mai riƙe da wannan fanni, ita ya kamata takardarku ta fara isa kafin wakilanmu su hau jirgi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wasiƙarki ke kaɗai za a iya jefa ta a durowa, amma in reshen Kano ya haɗa na BUK da na laburaren Murtala Muhammad da na kwalejoji ya ce ga matsaloli iri kaza da muka tattara, da ranakunsu, da irin littafin, da abin da ya hana a taimaki mai karatu, to wannan ba ta jefuwa da sauƙi.

Ni kaina na taɓa shiga wani laburare neman tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ma'aikacin ya ɗauko min ɗaurin yana lallaɓa shi kamar jariri, da na ɗaga shafi sai gefen takardar ya marmashe ya zubo min a cinya kamar garin kwaki, na ce Malam me ya hana ku ɗauki hotonta ku sa a kwamfuta, ya yi shiru sannan ya ce shi tsoro yake kar a ce ya ci haƙƙin wani. Kin ga irin wannan labarin shi ake buƙata a can, don har yanzu ana kan kokawar samar wa laburare da ma'adanar tarihi tasu ƙa'idar ta duniya kan adana kaya da tura kwafi tsakanin ƙasashe, kuma rukunin ƙasashen Afirka ne a gaba wajen turawa. An taɓa cin nasara irin wannan ma a wani fagen, a 2014 IFLA ta fitar da sanarwar Liyon kan haƙƙin samun bayanai, ɗaruruwan ƙungiyoyi suka sa hannu, da aka zo amincewa da muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015 sai ga haƙƙin jama'a na samun bayanai ya shiga a matsayin manufa ta 16.10. Ki riƙe wannan lambar, ranar da za ku je kare kasafin kuɗi za ta yi miki amfani, tunda Najeriya na cikin waɗanda suka amince.

Saƙo na biyu daga wani ɗalibi ne mai lalurar gani a Tarauni, ya ce ƙaninsa ne ya rubuta masa. Yana cewa: "An ce mana Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marakesh tuntuni, to ni har yau abokaina ne suke karanta min handawut ina ɗauka a waya, ina amfanin nata?"

Ƙanina, wannan tambayar taka ta fi kowacce taɓa ni. Gaskiya ne, yarjejeniyar ta fara aiki a duniya ranar 30 ga Satumban 2016 bayan ƙasashe 20 sun tabbatar da ita, Najeriya ta bi sahu a Oktoban 2017. Sai dai sashe na 12 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ce duk wata yarjejeniya da aka ƙulla da waje ba ta zama doka a ƙasar nan sai majalisar tarayya ta mai da ita doka, to a nan aka yi zaman jira, muna ta aiki da tsohuwar dokar 1988 ta zamanin soja wadda ba ta san intanet ba balle littafin waya. Sai a Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ita ce ta faɗaɗa damar a mai da littafi zuwa sigar da kai za ka iya karantawa ba sai an nemi izinin mai shi ba, muddin ba don riba ba ne kuma masu lalurar ne za su amfana, ta kuma ba laburare damar yin kwafi don adanawa. Ka ƙirga, daga 2013 zuwa 2023, shekara goma, wanda yake firamare lokacin ya isa jami'a.

Yanzu kam ƙofa a buɗe take, abin da ya rage shi ne a shiga, kuma nan ne nake da ƙorafi a kan mu kanmu. Da yawa cikin ma'aikatan laburare ba su ma san an canza dokar ba. Don haka ka je gurin shugaban laburaren makarantarku, kar ka je kai kaɗai, ku haɗu da 'yan uwanka ku rubuta buƙata a takarda ku ajiye kwafi, ku ce littafi kaza da kaza muke so a sigar da manhajar waya za ta iya karantawa. Ku kuma tambaye shi ko sun nemi shiga tsarin musayar littattafai na ABC da WIPO ta kafa a 2014, inda laburaren makafi na ƙasashe suke ba juna abin da suka riga suka sarrafa. Na Turanci da Larabci za a iya samu ta nan, amma na Hausa fa ba wanda zai yi mana a Landan ko Alƙahira, mu ne za mu zauna mu karanta mu naɗa, kuma ni a shirye nake in ba da muryata in an shirya, ko don yaranmu na makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki.

Na ukun daga wani dattijo ne marubuci a Fagge, ransa a ɓace. Ya ce: "Ku da 'yan laburarenku so kuke ku ƙarasa mu, littafi ka sha wuya ka buga, kwana biyu ka gan shi yana yawo a WhatsApp kyauta, yanzu kuma ku ce a sassauta doka?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya huci zuciyarku. Kukanku gaskiya ne, mun ga yadda kasuwar littattafan Hausa ta durƙushe a idonmu, kuma wanda ya ɗauki guminku ya watsa a guruf ɓarawo ne, sabuwar dokar ma ta tanadi hanyar da za ku kai ƙara a sauke irin wannan daga intanet, haƙƙinku kuma yana nan tsawon rayuwa har da shekara 70 bayanta ga magada. Abin da laburare yake nema daban ne Baba, kwafi ɗaya na adanawa don kar gara ta cinye sunanku, da kwafin makaho wanda da ma ba zai sayi na takarda ba tunda ba ya iya karanta shi. Ƙa'idar duniyar ma cewa ta yi duk sassaucin da za a yi kar ya kashe wa marubuci kasuwa. Su ma mawallafa da marubuta suna da wakilansu a zauren nan na Jeneba, suna faɗar tasu, to ku ma 'yan ƙungiyoyin marubuta na Kano in za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a majalisa ku aika da takardarku, ku zauna da 'yan laburare tukuna ku ga inda bakinku ya zo ɗaya, ni ina ganin maganar satar fasaha da maganar gwamnati ta riƙa sayen littattafanku tana zubawa a laburare ba mai musu a kai tsakaninku. Kuma Baba don Allah a riƙa kai kwafi ukun nan da doka ta ce a kai Laburaren Ƙasa, wata rana shi kaɗai za a samu.

Mai kula da na'ura yana ta ɗaga min hannu, lokaci ya cimmana. Malama ta Gwale, in reshenku ya sa ranar taro ki aiko mana za mu sanar a wannan fili. Mai tambaya a kan rubuce-rubucen ajami na gidajen malamai da wa ke da hurumin ɗaukar hotonsu, saƙonka ya iso, da shi za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.